Fitilar Bakin Ƙofa da Ƙwarin Tafkin Eri: Yadda Muka Koma Haske Ruwan Zuma

Muna da ɗakin tafi-da-gidanka, irin wanda ake ɗaura wa mota a baya a ja. Tsawonsa ƙafa 19. A ciki akwai babban gado ɗaya, da gadajen yara biyu ɗaya bisa ɗaya, da murhun gas, da ɗan banɗaki. Na hannu muka saya a nan Kolombos ta jihar Ohayo inda muke zaune, don mu riƙa fita da yara idan an yi hutun makaranta. A Amurka gandun dajin jiha da yawa suna da sansani: ka biya kuɗin fili na kwana biyu ko uku, ka jawo ɗakinka ka kafa. Wani filin da soket na wuta, wani babu. Mu a gida tirela muke ce masa, haka kuma zan ci gaba da kiransa.

A jikin tirelar, sama da ƙofa ta ɗan gefe, akwai fitila guda da ke haska inda ake taka ƙafa a hau. Ba ta kai faɗin tafin hannu biyu ba, amma sai da ta ci mana fita uku kafin mu daidaita da ita, ta kuma kusa sa uwargida ta yafe zuwa sansani gaba ɗaya.

Yadda muka same ta, murfinta na roba ne garai-garai, ya kumburo waje kamar an kife ƙoƙo, rana ta dafa shi har ya fara dishi-dishi. A ciki ƙwai ne irin na da mai zare, lamba 1141. Duk mai aikin rewaya zai gane shi, don ɗan'uwan ƙwan sigina ne na tsofaffin motoci: gindi ɗaya, 'yan ƙusoshi biyu a gefe, ka danna ka murɗa ya zauna. Fitilun tirela duka da wutar batir suke aiki, bolt 12, ko da ka jona ta a soket ɗin sansani, saboda akwai na'ura a ciki da ke karɓar bolt 120 ta sauke shi, tana kuma yi wa batir caji.

Wannan ƙwai yana shan wat 18, kusan amfiya ɗaya da rabi ke nan. Ka bar shi awa biyar, ya cinye amfiya-awa bakwai. Batirinmu na ruwa ne mai amfiya-awa 80, kuma irinsa ba a so a zuƙe fiye da rabi in ana so ya yi ƙarko. To 40 gare ka, ga famfon ruwa, ga fitilun ciki, ga cajin waya, sai fitila ɗaya ta kwashe kusan kashi ɗaya cikin shida. Shi ya sa a filin da babu soket kullum bakina a kan yara yake: wa ya bar fitilar waje? Da na gaji, na sayo ƙwan LED mai gindi iri ɗaya, fari fat, an rubuta 6000K a kwalinsa, yana shan abin da bai kai rubu'in amfiya ba. Na ƙara da igiyar ƙananan fitilu farare na liƙa a tsawon rumfar da ake warwarewa a gefen tirelar. Wuri ya yi haske kamar tsakar rana. Tunda kuma batir ya daina kuka, ni ma na daina tsawa. Daga faɗuwar rana har asuba fitilu a kunne.

Daren Yuni

A mako na uku na watan Yuni muka tafi wani sansani a bakin Tafkin Eri, kusa da garin Port Clinton, tafiyar awa biyu da wani abu daga Kolombos. A wannan lokacin rana ba ta faɗuwa sai tara ta gota, saboda haka abincin dare da sallar magariba kusan tare suke zuwa mana. Uwargida ta fito da ƙaramin murhu ƙarƙashin rumfa ta ɗora miyar kuka, don ba ta son ƙanshin daddawa ya kama katifu. Ni na shimfiɗa darduma a gaban ƙofa.

Ina raka'a ta biyu na ji wani abu na sauka a wuyana, a kunnena, a bayan hannuna, shiru-shiru ba cizo. Da na yi sujada goshina a kansu ya sauka. Ina sallamewa na ɗaga kai, farin jikin tirelar ya koma ruwan ƙasa tun daga fitila har taya, kuma jikin yana motsi.

"Abbansu, don Allah zo ka ga tukunyar nan."

Ta ɗaga murfi ne kawai don ta kaɗa kuka. Saman miyar ya rufe da fukafukai. Ta tsaya da ludayi a hannu ba ta ce komai ba, sannan ta kashe murhu. Ƙaramarmu tana ihu a bakin ƙofa ta kasa shiga ta kasa fita, don duk wanda ya buɗe ƙofar raga sai ɗaruruwa sun bi shi ciki. Na ɗauki ɗaya a yatsana na duba a haske: jiki siriri mai laushi, tsawon gaɓar yatsa, fukafukai shara-shara a tsaye sun haɗe a sama kamar hannun mai roƙo, da wutsiya kamar zare dogaye. Ko motsin gudu bai yi ba.

Mutanen wurin suna kiran su ƙudajen watan Mayu, ko da yake a Yuni suke fitowa, wasu kuma su ce sojojin Kanada, tunda daga wajen ruwa suke tasowa kuma Kanada ce a tsallake. 'Ya'yansu a cikin taɓon ƙasan tafki suke zama shekara ɗaya ko biyu, sannan su taso kusan lokaci guda. Babban ba ya da bakin ci balle na cizo. Kwana ɗaya ko biyu yake yi, ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai a ruwa, su mutu. Yawansu kan kai har na'urar hasashen yanayi ta hango su kamar hadari, kuma a makonnin fitowarsu kamfanin wutar yankin yakan kashe fitilun titi a Port Clinton, don gawarwakinsu suna tarawa ƙarƙashin fitila su sa titi santsi. Mutanen garin ba sa ƙin su kamar yadda baƙo zai zata. A shekarun 1950 sun ɓace saboda ƙazantar ruwan, sai a shekarun 1990 suka dawo, saboda haka ganinsu alama ce tafkin yana numfashi. Duk wannan daga baya na sani. A daren, abin da na sani shi ne mu kaɗai muka kunna fitila kamar gidan biki a layin.

A filin da ke kusa da mu wani dattijo ne Bature da matarsa, zaune a kujeru suna karta. Su ma da fitila a bakin ƙofa, amma haskenta ruwan zuma ne, irin launin siginar mota, kuma ƙasa kawai take kallo. Akwai ƙwari a wajensu, amma ana iya ƙirga su. Ya taso da tsintsiya a hannu ya miƙa wa babban ɗana, ya ce da ni, "Ɗana, kashe fitilunka tukuna, sai mu yi magana." Na kashe. Cikin minti goma sababbi suka daina zuwa. Biredi da shayi muka ci muka kwanta. Da safe muka share bokiti guda a gindin ƙofa, suna ƙarnin kifi.

Abin da ya fi damuna shi ne ai na san wannan tun ina yaro. Daren da aka yi ruwan farko, in shinge ya fito, fitila muke ajiyewa a tsakar gida da kwanon ruwa a ƙarƙashi, su faɗo mu kwashe a soya. Da gangan muke kiransu da haske. Ga shi na zo bakin tafki na yi musu irin wannan kiran da hannuna, a kan tukunyar miya.

Me ya sa launi ke da tasiri

Da muka dawo gida na zauna na karanta abin sosai, don ba na son in sake sayen kaya da ka.

Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ma haka yake, da zangonsa, ana auna shi da nanomita. Idon mutum yana gani daga wajen 400 zuwa 700. Shuɗi gajeren zango ne, wajen 450. Kore wajen 530. Ruwan zuma wajen 590. Ja daga 620 zuwa sama. Ƙasa da 400 akwai hasken UV da mu ba ma gani. Idon yawancin ƙwari kuwa ya karkata ne can ɓangaren gajeren zango: sun fi ganin UV da shuɗi da kore, kuma da an doshi ja ganinsu sai ya yi rauni. Fitila ruwan zuma ba korar su take yi ba, kamar yadda wasu kwalaye ke rubutawa. Ba sa ganin ta sosai ne, kamar yadda kai ba ka ganin garwashin da toka ta lulluɓe sai ka matso.

Farin LED kuma asalinsa shuɗi ne. Ɗan ƙwayar da ke ciki shuɗin haske yake fitarwa, wajen 450, sai a shafa masa wani sinadari rawaya da ke juya wani kaso, haɗin biyun ya fito fari a idonmu. Lambar K da ke kwali tana nuna yawan shuɗin da ya rage: 6000K shuɗi ya yi yawa, 2700K ya ragu. Ke nan ni na zaɓo wanda ya fi dacewa da idon ƙwaro, na kuma jera shi tsawon rumfa.

Amma kada a ɗora wa LED laifin da ba nasa ba. A Jami'ar Bristol ta Ingila an yi gwaji da aka wallafa a 2016, aka kwatanta fitilun gida iri-iri, kuma ƙwai mai zare ya fi LED tara ƙwari nesa ba kusa ba. Da tsohon 1141 ɗina ne ya kwana a kunne a daren nan, da shi ma ya tara nasa. Bambancin shi ne tsoron batir ba ya barin in bar shi. Sauƙin shan wuta shi ya sa na ninka yawan hasken na kuma ninka awanninsa, kuma a ganina wannan ya fi launin ma yi mana ɓarna.

Game da ruwan zuma kansa, masu bincike na cibiyar Smithsonian sun gwada shi a dajin Amazon na ƙasar Peru, suka wallafa a 2021. Fitilar da aka tace ta koma ruwan zuma ta tara ƙwari ƙasa da farar da kusan kashi 60 cikin ɗari. Raguwa ce babba, amma a lura saura kashi 40 suna nan.

Wanda ya fi buɗe mini ido shi ne binciken da ya fito a mujallar Nature Communications a watan Janairun 2024. Masu binciken sun ɗauki hoton ƙwari da kyamara mai saurin gaske, a ɗakin gwaji a Landan da kuma cikin daji a Kosta Rika. Suka ga ƙwaron ba fuskantar fitila yake yi ya nufe ta ba. Bayansa yake juya mata. Tun fil azal wuri mafi haske shi ne sama, ko da dare, saboda haka ƙwaro yana gane sama da ƙasa ne ta hanyar ba wa haske baya. In ya gifta kusa da fitila sai ya ɗauka ita ce sama, ya karkace, ya yi ta kewaya ta ya kasa fita, in kuma hasken daga ƙasa yake dukan sa sai ya kife ya faɗo. Faɗa-wuta da muke gani yana zagaya aci-balbal, ashe ba son wutar yake ba, ruɗewa ya yi. Na daɗe ina tunanin wannan. Abin da ya koya mini a aikace shi ne murfin nan mai kumburi, da ke watsa haske gefe da sama, shi kansa tarko ne ko da wane launi ne a ciki.

Gyara uku

Na fara da mai araha. Ana sayar da murfin roba ruwan zuma da ke shiga gurbin farin, sukuru biyu kawai. Na ɗaura a kan farin ƙwan nan muka fita wani gandun daji a kudancin Ohayo. An samu sauƙi, ba zan musa ba, amma haske ya mutu da yawa, tunda aikin murfin shi ne ya haɗiye shuɗin da ƙwan ke fitarwa, wato kana biyan batir kuɗin hasken da kake zubarwa. Launin kuma bai nuna ba, rawaya ne mai ratsin kore, alamar robar tana barin kore ya wuce. Sannan murfin bai zauna daram ba, wani siririn farin haske yana tsiyaya ta gefen sama, kuma daidai wannan layin ƙananan ƙwari suka jeru kamar an zana su da biro. Araha ba ta ado. Murfi mai kyau yana aiki, musamman a kan ƙwai mai zare da dama can haskensa ya karkata wajen ja, amma wanda na samu bai kai ba.

Na biyu, na sayo ƙwan LED da shi kansa ruwan zuma yake fitarwa, an rubuta 590 a kwalin. Na duba kuma na ga an rubuta yana ɗaukar bolt 10 zuwa 30. Wannan yana da muhimmanci, don wutar tirela ba ta tsayawa a 12: cikakken batir 12.6 ne, in an jona a soket na'urar caji tana ba da 13.6, wani lokaci ta hau 14.4. Ƙwan da ba shi da abin daidaita wuta a ciki yakan yi zafi, ya fara ƙifta ido, ya mutu da wuri.

Na murɗa shi a gurbi, na danna makunni. Shiru. Na mayar da farin, ya kama. Na sake sa sabon, shiru. Na duba fiyus lafiya lau. Har na sa shi a leda zan mayar kanti, sai na kira yayana da ya shekara talatin yana rewaya a Kano.

"Yaya, ƙwai sabo ya ƙi kamawa, tsohon kuma yana kamawa a gurbi ɗaya."

"Ka sa mita?"

"Ban sa ba."

"To me kake jira? LED ba ya shan wuta ta baya. Sa jan tsinke a tsakiyar gurbin, baƙin a jikin ƙarfen, ka gaya mini abin da ka gani."

Mita ta nuna 12.5 da alamar ragi a gaba. An juya wayoyin. Ƙwai mai zare bai damu da ta ina wuta ta shigo ba, farin LED ɗin ma ashe irin wanda aka yi wa dabarar karɓa ta kowane gefe ne, shi ya sa ba a taɓa ganewa ba. Sabon kuwa sai fozitif ya zo ta ɗigon tsakiya. Da irin ƙwan da ake sokawa ne mai faffaɗan gindi, sai a zare a juya shi a mayar. Mai murɗawa kuwa ko ta ina ka sa shi tsakiya tsakiya ce, dole sai an sauya wayoyin a baya.

A nan ne na gane yadda aka yi kuskuren. A mota, baƙar waya ita ce negetif, kowane bakanike ya san haka. A yawancin tirelolin Amurka kuwa tsarin wayar gida suka bi: baƙa ce mai wuta, fara ce negetif. Wani da ya taɓa fitilar kafin mu saya ya haɗa ta da ilimin mota. Da na gaya wa Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, "Shi ya sa nake ce wa yarana launin waya ba shaida ba ne." Duk wanda zai taɓa wutar tirela, ya auna kafin ya yanke.

Tunda dole in cire fitilar daga jikin bango, sai na yanke shawarar canja ta gaba ɗaya, gyara na uku ke nan. Na sayo mai hula a sama, wadda ke tura haske ƙasa kan matakala, LED ɗinta ruwan zuma a haɗe, ƙasa da dala talatin. Na zare tirelar daga soket, na cire kan batir na negetif, na hau tsani. Da na kwance sukurori huɗu na ɓamɓare tsohuwar, sai ga abin da ban zo nema ba. Wanda ya ɗaura ta ya zagaye ta da silikon, silikon ɗin ya saki ta sama, ruwan sama yana bi ta ramin waya yana shiga. Katakon da ke bayan kwanon ya yi baƙi, sukurori biyu na sama sun yi tsatsa har zarensu ya cinye. Na soka sukundireba, Allah ya taimaka bai nutse ba, saman ne kawai ya jiƙa. Na bar wurin a buɗe kwana uku cikin rana da leda a sama saboda ko ta kwana. Da wata shekara biyu aka ƙara, bango za a buɗe.

Wayoyin gajeru ne ƙwarai, in suka kuɓuce suka koma cikin bango an shiga uku, don haka na maƙale su da abin shanya kafin in yanke. Na kankare tsohon silikon da roba mai kaifi don kada in karce fenti, na goge da sifirit. Silikon a jikin tirela matsala ne, domin in ya saki babu abin da ke sake kama wurin, har shi kansa. Na haɗa wayoyi da maɗauri irin wanda ake matsewa da filaya a gasa ya rufe ruf, baƙa da fozitif, fara da negetif, na gwada ta kama kafin in ɗaure. A bayan fitilar na shimfiɗa tef ɗin butil, wani gam mai laushi kamar cingam da ba ya bushewa, na zagaye ramin waya da ramukan sukuru. Na ɗaure da sukurori marasa tsatsa har gam ɗin ya ɗan fito ta gefe, na yanke rarar. Sannan na bi sama da gefe biyu da gam ɗin da aka yi don jikin tirela, na bar ƙasa a buɗe, don in ruwa ya saci hanya ya shiga ya samu ta fita. Aikin kansa bai kai awa biyu ba.

Igiyar fitilun rumfa na cire ta. Yara sun yi ƙorafi, amma ba ta da wani aiki sai ado.

Abin da ya gyaru da wanda bai gyaru ba

Fitar farko bayan gyaran, a watan Agusta, mun ci abinci a waje ba a rufe kwano da faranti ba. Faɗa-wuta ɗaya ko biyu sukan zo su kewaya su wuce. Ƙofar raga ta daina zama abin faɗa. Wani amfanin da ban yi tsammani ba: ido ba ya makancewa. Da farar fitila, in ka taka wajen da'irar haskenta sai ka ga duhu ƙirin. Da wannan kuwa kana zaune a ƙarƙashinta kana ganin bishiyoyi da taurari, yara kuma suna yin barci da wuri.

Sauro kuwa ko a jikinsa. Shi ba fitila yake bi ba, numfashinka yake bi, da ɗumin jiki da warin fata. Wanda ya sayi fitila ruwan zuma don sauro ya yi asarar kuɗinsa. Maganin shafawa da dogon hannu da fanka suna nan a matsayinsu. Na nanata wannan ne saboda 'yan'uwa a gida da suka ji labarin sun fara tambaya ko za ta yi maganin sauro a tsakar gida. Ba za ta yi ba, kada kowa ya ajiye gidan sauro saboda ita. Mai shayi ko mai tsire da ke fama da ƙwari a kan farar fitilar sola da damina, shi kam zai ga bambanci, musamman in ya yi mata hula.

Sai maganar launi, wadda uwargida ta gano tun daren farko. Haske mai zango ɗaya ba ya nuna launin abu. Ta yanka cinyar kaza a kan gasa ta kawo ƙarƙashin fitila ta juya ta, ta sake juyawa.

"Abbansu, wannan fitilar taka ba ta nuna jini. Ban san ko ta nuna ba."

Gaskiyarta. Ja da ruwan ƙasa duk ɗaya suke a wannan hasken, tumatir da albasa sai a siffa. Akwai wani nau'in ruwan zuman da ake yi da sinadarin shafawa, mai faɗin zango, ana rubuta masa wajen 1800K zuwa 2200K, wanda ya fi nuna launi, amma yana ɗan barin kore. Da na san da shi tun farko, mai yiwuwa shi zan ɗauka saboda girki. Abin da muka yi shi ne ta samu 'yar tocila mai ɗumin haske da ake maƙalawa a gefen tebur, ta kunna ta leƙa tukunya ta kashe. Teburin girkin ma mun matsar da shi taku biyar daga ƙofa. Mun kuma koyi sauke labule kafin a kunna fitilun ciki, don farin hasken taga yana tara ƙananan ƙwari da ke iya ratsa raga.

Akwai kuma wanda ruwan zuma ke cutarwa. Ohayo tana da maƙesu sosai a Yuni da Yuli, waɗannan ƙwari masu walƙiya a ciki, kuma da walƙiyar namiji da mace suke neman juna. Haskensu rawaya ne zuwa ruwan zuma, idonsu kuma a nan ya fi kaifi. Masu bincike a Jami'ar Tufts sun nuna a 2021 cewa haske ruwan zuma mai ƙarfi yana sa matan su daina amsa wa mazan. A gaɓar tekun Fulorida kuwa hukumar kula da namun daji ta jihar tana neman fitilun bakin teku su kasance masu zangon 560 zuwa sama, a ƙasa-ƙasa, da hula, saboda 'ya'yan kunkurun teku da farin haske ke ɓatarwa su bar ruwa su nufi titi. Launin da ya ceci wannan shi ya dame wancan. Tun da na san haka, in muka sauka kusa da ciyawa muka ga maƙesu sun fara, kashe ta muke yi. Ƙaramarmu ce ma ke tuna mana.

Da Yuni ya zagayo muka koma Tafkin Eri, sansani ɗaya, kusan mako ɗaya. Uwargida ta yarda ne da sharaɗin a ci abinci kafin rana ta faɗi. Dare na farko fitowar ba ta yi yawa ba, fitilar tana kunne har muka yi isha'i, abin da ya taru a kan matakala bai cika tafin hannu ba. Dare na biyu iska ta kwanta, aka yi zafi, suka taso da gaske. Ana jin ƙarar fukafukansu a saman bishiyoyi kamar yayyafi. A irin wannan yawan har ruwan zuman suka fara samu, ɗaya bayan ɗaya suna sauka a hular fitilar. Na tashi na kashe ta. Muka zauna a duhu mu biyar, muna kallon wata tirela can ƙarshen layi da farar fitila a kunne, ƙwari sun yi mata rawani tun daga ƙasa har sama da rufinta. Babban ɗana ya shiga ciki ya ɗauko tsintsiya, ya ce, "Abba, in je in gaya musu?" Na ce ya je, amma ya fara yin sallama.